Daga Tikitin Tuwo zuwa Allon Gilashi

Wata Juma'a da yamma autata ta shigo gida rungume da wani allo na gilashi, an rubuta sunanta a jiki da ruwan zinare. Ita ce gwarzuwar ma'aikata ta wannan wata a reshen bankin da take aiki. Na sa hannu biyu na karɓa, na juya shi gaba da baya, na sa mata albarka. Sai bakin tsufa ya suɓuce na ce, "To, nawa aka haɗo da shi?"

Ta yi dariya. "Kai Baba! Ai karramawa ce. An ɗauke mu hoto da manaja, an sa a zauren WhatsApp, kowa sai san barka yake."

"Madalla. Takardar zama cikakkiyar ma'aikaciya fa?"

Nan dariyar ta ɗauke. Shekararta shida ke nan a bayan kanta tana ƙirga kuɗin jama'a, amma a takarda ba ma'aikaciyar bankin ba ce. Wani kamfanin 'yan kwangila ne ya ɗauke ta ya ba banki aronta, kuma duk shekara sai an sabunta yarjejeniya. Da na ga na taɓo inda ke mata ciwo, sai na kau da zancen, na ce a nemo ƙusa a kafa allon a falo.

Amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Na yi shekara kusan talatin ina aikin kula da ma'aikata a wata masaka a Kakuri, kudancin Kaduna. Ba zan kama sunanta ba, don ba shari'a na zo yi ba. Ni ma na miƙa wa mutane kyautar yabo da hannuna, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Sai na kwanta ina auna abin da muke miƙawa a wancan zamani da abin da aka miƙa wa 'yata.

Na shigo Kaduna a 1975, wadda har yau tsofaffi ke kira shekarar Udoji. Gwamnatin Janar Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji, ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi mai tsoka, ta kuma biya su ariyas na watanni a dunƙule. Ma'aikatan kamfanoni suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, aka yi ta yajin aiki nan da can har aka ba su nasu. Gari ya cika da sababbin kekuna Raleigh da akwatunan rediyo da katifu, wasu suka ƙara aure, 'yan kasuwa kuwa tun kafin kuɗin ya shiga aljihu sun riga sun ƙara wa komai farashi. Cikin wannan hada-hada kawuna ya kama hannuna ya kai ni ƙofar masaka, aka ɗauke ni tankifa.

Aikin tankifa shi ne ya tsare bakin ƙofa yana lura da katin kowa: wa ya shigo, ƙarfe nawa, wa ya makara, wa bai zo ba. A ƙofar nan na fara karatun mutane. Masakun Kakuri ba sa barci, kashi uku ake yi, na safe da na rana da na dare. In jiniya ta yi kuka sai titi ya cika maƙil. Masu fita ga ƙurar auduga fari fat a gashin kai da gira, kai ka ce a dare ɗaya suka tsufa, masu shiga kuma suna ta kaɗa ƙararrawar keke. Hausawa, Bajju, Tibi, Idoma, Nufawa, Igala, Yarabawa, ba wanda babu. Mai ƙosai da mai koko da mai faci da ɗan tireda, duk jiniyar nan ce agogonsu. Sardauna ne ya kafa tushen abin, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, ana saƙa akoko da audugar da ake gurzawa a irin su Funtuwa da Gusau da Zariya. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga Arewa Textiles ta Japanawa, ga UNTL ta mutanen Hongkon.

Banda albashi, abu na farko da sabon ma'aikaci ke karɓa a wurinmu shi ne tikitin abinci. Ɗan kati ne da ake yago maka, ka je kantin ka miƙa, a zuba maka tuwo ko shinkafa ko teba da yankan nama, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A cikin harabar akwai ɗakin shan magani da nas dare da rana, in ciwo ya fi ƙarfinta a rubuta maka takarda zuwa asibitin da kamfani ke biya. Ana ba da bashin keke, daga baya na babur, a riƙa cira kaɗan-kaɗan a ƙarshen wata. Ƙarshen shekara kowa ya tafi gida da turmin atamfa a hammata. Wanda ya cika shekara goma a kira shi gaban jama'a a ba shi agogo ko rediyo, da ambulan a ƙarƙashi, kuma kowa ya san ambulan ɗin nan ita ce kyautar, agogon rakiya ya yi. In ma'aikaci ya rasu, motar kamfani ce za ta kai iyalinsa har ƙauyensu, ko da a Binuwai ne, tare da wakili daga ofishinmu. Gaba da duk wannan akwai garatuti. Masaƙin da bai iya rubuta sunansa ba zai gaya maka lissafin nasa har sisin kwabo, ya kuma gaya maka abin da zai yi da shi: injin niƙa a garinsu, ko ɗakuna huɗu na haya a Nasarawa.

Kada yaran yanzu su ɗauka aljanna muka baro. Ƙarar ɗakin saƙa ta isa ta kurmantar da mutum, kuma ta kurmantar da da yawa. Tsofaffin masaƙa da motsin leɓe suke hira a bakin inji, in sun koma gida kuma su yi ta ɗaga murya kamar masu faɗa. Inda ake kwance dilolin auduga ana shiɓarta, ƙura kan shiga ƙirji ta zauna, mutum ya riƙa jin numfashinsa na toshewa, musamman ranar da ya dawo daga hutun mako. An raba ƙyallen rufe hanci, zafi ya hana a sa. Na ga yatsun da bel ya cinye. Na ga heluma ya zagi dattijo sa'an ubansa a gaban yara, na ga an hana mutum fita sallar La'asar wai inji ba ya jiran kowa. A ƙarin girma kuwa, "ɗan garinmu" yakan tsallake wanda ya fi shi iya aiki, kowa yana kallo.

Tikitin tuwon ma ba sadaka ba ce, ƙwatarsa aka yi. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago suka koma 42, ɗaya daga cikinsu ita ce ta ma'aikatan masaku da ɗinki, wadda hedkwatarta ke Kaduna. Adams Oshiomhole, da ya fara a matsayin ƙaramin ma'aikaci a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, tun kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999, balle a yi zancen gwamnan Edo. A wannan tsakani aka ɗauke ni daga bakin ƙofa aka mai da ni ofishin ma'aikata, inda nake zama a bayan manajoji ina rubuta abin da aka tattauna in an zauna da 'yan ƙungiya. Na ga an raba dare ana ja-in-ja a kan 'yan kwabbai na alawus ɗin aikin dare. Lokaci ne da ma'aikaci ke da murya. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya mai da 1 ga Mayu ranar hutu a Jihar Kano, da shekara ta zagayo gwamnatin Shagari ta mai da ita ta ƙasa baki ɗaya. A 1981 ɗin nan ne kuma jagoran ƙwadago Hassan Sunmonu ya ja yajin aikin gama-gari yana neman naira 300, aka tsaya a 125 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Naira ta fi dala daraja a lokacin, kuɗin nan sun kai wajen dala 200.

Wanda ya koya mini aiki a ofishin nan tsohon malamin makaranta ne. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, inda yake rubuta wanda aka yi wa haihuwa, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ɗansa ya ci jarrabawar shiga kwaleji. Kowace safiya sai ya zagaya ɗakunan aiki da ƙafa kafin ya zauna a kujerarsa. Wata rana heluman ɗakin saƙa ya kawo ƙarar wani masaƙi mai riƙe da inji shida. Shekararsa goma sha ba a taɓa kuka da shi ba, sai ga shi cikin wata guda yadinsa na fitowa da aibi, zare ya tsinke bai gani ba, sau biyu ana kama shi yana gyangyaɗi a tsaye. Heluma ya ce a ba shi takardar gargaɗi ta ƙarshe. Har na sa takarda a tafireta, sai maigidana ya ce, "Dakata tukuna, yaro. Je ka kira mini shi, ka ce wa masinja ya kawo shayi kofi biyu."

Mutumin ya zo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, zai durƙusa aka nuna masa kujera. Ko sau ɗaya ba a ambaci yadi ba. Aka tambaye shi gida, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na ukun sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Ranka ya daɗe, sikila ce ta tashi. Mako uku ke nan muna asibiti. Uwarsa na da goyo, ni ke kwana a kansa, daga can nake wucewa aiki."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji tsoro kada a ce na cika uzuri."

Nan take maigidana ya rubuta masa hutun mako guda, ya mai da shi kashin rana na wata ɗaya, ya sa hannu a ba shi rabin albashinsa tun wata bai ƙare ba, ya kuma haɗa shi da takarda zuwa likitan kamfani. Da mutumin ya fita sai ya juyo gare ni. "Kada ka ɗauka tausayi ne zalla. Ka san wata nawa ake yi kafin a mai da ɗan ƙauye masaƙin da zai riƙe inji shida shi kaɗai? In na kore shi, kamfani zai riga shi yin asara." Ranar na gane cewa kula da ma'aikaci lissafi ne, yana da gurbinsa a kasafin kuɗi, kuma sai an sami wani mai fuska da suna wanda ke da ikon sa hannu.

Wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun daɗe suna zagaya masakun Najeriya, suka fitar da littafi a 1998. Cikin abin da suka lura da shi akwai bambancin Kaduna da Kano: a manyan masakun Kaduna ƙungiya ce ke tsaya wa ma'aikaci, a masana'antun Kano da yawa kuwa, waɗanda ke hannun 'yan kasuwa, abin ya fi karkata ga ubangida da wanda ya kawo ka. Ni wannan a gidanmu na gan shi. Wana yaron shago ne a Kantin Kwari, shekara tara ba shi da albashi. Maigidansa ne cinsa da suturarsa da maganinsa, shi ya yi masa aure, ranar da lokaci ya yi kuma ya tara dattawan layi ya sallame shi da jari da rumfa. An sha cutar yara a wannan tsari, ba na musu. Amma ubangidan da ya riƙe yaro shekara goma bai sallame shi ba, kasuwa ce za ta yi da shi, har ya rasa wanda zai ba shi ɗansa. Ni takarda da ƙungiya ke tsare mini haƙƙi, wana kunya da idon jama'a ke tsare masa. Abin da ya haɗa mu shi ne dukanmu muna hango ƙarshen hanya, kuma wannan hange ne ke tada mutum da asuba cikin hunturu.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Daga 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da rini da kayan gyaran inji ya yi wuya, aka fara tura mutane hutun dole. A 1986 Babangida ya kawo tsarin tattalin arzikin da ake kira SAP, naira ta faɗi. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta yi ta kwararowa ta Maraɗi da Jibiya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, daga baya 'yan Sin suka riƙa kwaikwayon zanenmu suna sayarwa a rabin kuɗi. Wannan labari an sha ba da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka bi da bi wajen zare wa ma'aikaci abin hannunsa, kuma ni ina cikin ɗakin da ake yanke shawarar. Yankan nama ne ya fara ƙanƙancewa, sannan ya ɓace. Nas ta koma rubuta maka sunan magani ka je kemis ka saya. Turmin ƙarshen shekara ya koma ragowar yadi mai aibi. Sai aka daina ɗaukar cikakkun ma'aikata, aka koma 'yan wucin gadi. Dokar ƙwadago ta ce kafin mutum ya wuce wata uku a bakin aiki a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce, don haka in ya kusa cika wata ukun sai mu sallame shi ranar Juma'a, mu sake ɗaukarsa ranar Litinin a matsayin sabo. Ni ke cike fom ɗin.

Abin dariya, abin kuka, a daidai wannan lokaci ne zancen "ƙarfafa gwiwar ma'aikata" ya yawaita a bakin manya. Aka ɗauko wani masani daga Legas, aka tara mu da helumomi a otal kwana biyu. Ya zana wani abu a allo kamar dalar gyaɗa mai hawa biyar, ya ce tunanin wani Ba'amurke ne, Abraham Maslow, tun 1943: ci da sha a ƙasa, sai kwanciyar hankali, sai zumunci, sai girma a idon jama'a, can ƙololuwa kuma cikar buri. Ya ce ma'aikacin zamani ba kuɗi ke motsa shi ba, yabo yake so, da jin ana damawa da shi. Wani tsohon heluma da furfura ta gama cinye wa kai ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, mutanena wata biyu ke nan ba albashi. A wane hawa suke a dalar nan?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Masanin ya ce tambaya ce mai kyau, zai dawo kanta bayan cin abinci. Muka je muka ci kaji. Bai dawo kanta ba.

Shi Maslow ba shi da laifi, ai ciki ya sa a gindin dalarsa. Kakanninmu ma sun san amfanin zuga. A gayyar noma akwai makaɗi, yana kiran sunan saurayi da na ubansa har sai ya manta da gajiya ya tsere wa sa'o'insa a kunya. Sai dai mai gona ba ya kiran makaɗi sai ya tabbatar an dama fura, tuwo na kan wuta, kuma kowa ya san in tasa gayyar ta zo za a rama masa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da muka koyo a otal ɗin nan shi ne yadda za a riƙe makaɗi a sallami mai fura.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, tsakaninsu da kewayensu sauran suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tamu na ciki. Ni na buga jerin sunayen, ni na zauna a bayan tebur a bakin ƙofar nan da na fara aiki ina miƙa takardun sallama. Layin ya kai titi. Can sai ga masaƙin nan mai inji shida, yanzu ya zama tsoho, kunnensa ɗaya ya mutu. Yaron da ya yi jinya ya rayu har ya shiga kwalejin horon malamai. Ya karɓi takardarsa da hannu biyu, ya ninke ta ya sa a hula.

"Malam, yaushe za mu zo karɓar haƙƙinmu?"

Na ce, "Nan da wata uku, Baba, in Allah ya so."

Na san babu ko kwabo a asusun. An ce mu faɗi haka don a watse lafiya, na kuwa faɗa. Ya yi mini godiya, har da addu'a. Shekara da shekaru yana zuwa taron tsofaffin ma'aikata a gindin bishiya da takardar nan a leda, har ranar da aka aiko mini ya rasu. A motar haya muka kai iyalinsa gida, da kuɗin da muka tara a tsakaninmu. Cikin masu karo-karon akwai Musulmi akwai Kirista, ragowar mutanen da suka shekara ashirin suna bin layi ɗaya a kantin. Bayan rikicin addini na 2000 garin Kaduna ya rabu, kogi a tsakani, kuma ba wani layin tuwo da ya rage da zai haɗa 'ya'yansu.

In na dubi aikin autata, sai in ga wasu abubuwa sun fi namu, kuma zalunci ne in ƙi faɗa. Tana aiki cikin sanyin na'ura, ba ƙura ba ƙara. Ba heluman da ya isa ya ɗaga mata hannu. Albashinta na shigowa ta waya, ba ta bin layin akawun biya. A zamaninmu mace a ofis abin nunawa ce da yatsa, yanzu su ne rabin reshe. Dokar fansho ta 2004 ta sa kuɗin ritaya a asusu mai sunan ma'aikaci, a hannun wani kamfani dabam, yadda ko wurin aiki ya rushe kuɗin ba za su bi shi ba, matuƙar dai an zuba su. Da wannan doka ta riski masaƙin nan, da bai mutu yana jira ba. Gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikatanta hutun haihuwa na kwana 14 a 2021, abin da ko a mafarki ba mu taɓa nema ba. Jihar Kaduna ma ta mai da ranakun aikin ma'aikatanta huɗu a mako a ƙarshen shekarar.

Amma ita ba jiniyar da ke sallamarta. Mu in ta yi kuka mun bar aiki a bakin ƙofa, ita kuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare wayarta na ƙara, ana tambayarta asusu nawa ta buɗe a makon nan, miliyan nawa ta jawo. Tun bayan da aka haɗe bankuna a 2005, daga 89 suka koma 25, gasar farautar masu ajiya ta yi zafi, nauyin kuma ya sauka a kan irinsu. Wadda ke zaune kusa da ita, aiki iri ɗaya, riga iri ɗaya, tana karɓar ninkin albashinta don ita cikakkiya ce. Ba ƙungiyar da take zuwa taronta. In an ƙi sabunta mata yarjejeniya, banki zai ce ba ma'aikaciyarsa ba ce, ɗan kwangila zai ce banki ne ya dawo da ita, ba ofishin da za ta je ta tuɓe takalmi a ba ta shayi. Manajanta yaro ne mai kirki, na san shi, yana gaishe ni har ƙasa, amma ba shi da ikon sa hannu a ba ta ko bashin naira dubu goma. Kowace Litinin da safe sai an tara su an gaya musu cewa su 'yan gida ɗaya ne. Da mahaifiyarta ta rasu, 'yan gida ɗayan nan saƙon ta'aziyya suka sa a WhatsApp, aka ba ta kwana uku. Abokan aikinta ne suka yi karo-karo daga aljihunsu suka zo ranar sadakar uku, Allah ya saka musu.

Kuɗin ma ga yadda suka koma. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. A kunne kamar an ci gaba. Amma bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira, a lokacin da aka sa mata hannu dubu saba'in ɗin nan ba ta kai dala 50 ba, kuma ba ta sayen buhun shinkafa. Masinjan 1981 ya fi jikansa mai digiri ƙarfin aljihu.

Sauƙi ne mutum ya zauna yana zagin banki da gwamnati. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a nan ne yawancin 'ya'yan talakawa ke aiki: a shagunanmu, da gidajen burodinmu, da makarantun kuɗi na unguwa inda malama ke koyar da aji biyu a kan abin da bai kai kuɗin motarta ba, da gidajenmu inda direba da maigadi da 'yar aiki ke jiran sai maigida ya tuna. Duk mun ji malamai na faɗar a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, muna gyaɗa kai a masallaci. A kasuwa yanzu kukan iyayen gida ɗaya ne, wai yaran zamani ba amana. Ka tambayi yaran su ce maka sun ga na gabansu ya shekara goma sha biyu, da lokacin sallama ya matso aka laƙa masa sata aka kore shi hannu rabbana. Yaron da ya ga haka, tun shekarar farko zai fara sallamar kansa daga aljihun tebur. Takardar da ta tsare ni ta yage, kunyar da ta tsare wana ita ma tana neman ƙarewa, kuma wannan ta biyun ba SAP ce ta cinye ta ba, mu ne.

Ni kaina sai da na gama rubuta rabin wannan na tuna maigadin layinmu, wanda muke haɗa wa kuɗi gida-gida, yana bin mu wata biyu, kuma ban san sunan ko ɗaya daga 'ya'yansa ba, ni da na yi shekaru ina ɗaukar wa maigidana littafi mai baƙin bango. Jiya na zagaya gidajen da kaina na karɓo.

Allon gilashin yana nan a falo, an kafa shi kusa da agogon da aka ba ni ranar da na cika shekara goma a masaka. An sabunta wa auta yarjejeniyarta ta wata shekara ɗaya.

Kai mai karatu, in kana da ko mutum ɗaya da ke ci a ƙarƙashinka, a shago ne ko a ofis ko a gida, ka kira shi cikin makon nan ka zaunar da shi. Ka tambaye shi gida, ka saurari amsar. Sannan ka gaya masa ranar da za ka riƙa biyansa, da abin da zai tafi da shi ranar da kuka rabu, a rubuta a takarda, a kira shaidu biyu su sa hannu.